Kazar da Ta Shigo Gidanka Ba Taka Ba Ce: Fashin Baƙin Doka a Kan Kajin Maƙwabta

Da zarar kaka ta yi aka fara baza shanyar masara da barkono a ƙofar gidaje, maganar nan takan sake tasowa a majalisu daga Tudun Wada har cikin Birnin Zariya, cewa wai kazar maƙwabci in ta shigo gidanka ta yi ɓarna bayan ka yi gargaɗi sau uku, to ta halatta ka yanka, ko ka zuba mata maganin ɓera cikin tsaki. Wasu ma suna ƙarawa da cewa wanda ya yi watsi da kajinsa, ba abinci ba akurki, ya sallama su ga duk wanda ya kama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan maganganu da ke da madogara a dokar ƙasa ko a fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a ke bi, kuma wanda ya yi aiki da su shi ne zai koma wanda ake tuhuma, alhali da farko shi aka yi wa ɓarna.

Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka, ta fara aiki a Arewa a 1960, kuma Jihar Kaduna ta maye gurbinta da tata a 2017, inda lambobin sassa suka canza amma laifin sata da na ɓarnata dukiya suka ci gaba da zama laifi. Tana hawa kan kowa, Musulmi da Kirista, mai gida da ɗan haya. A kundin 1960, sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ga wanda ya yi sata, sashe na 327 kuma ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2 ga wanda ya ɓarnata dukiyar wani, ko tara, ko duka biyun.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun guba. Sai ka ji mutum yana cewa, "Ai a cikin gidana na zuba, wa ya kira su?" Abin da dokar ke dubawa shi ne niyya ko sani: duk wanda ya halaka dukiya da nufin jawo wa wani asara, ko yana sane da cewa aikinsa zai iya jawo asarar, ya aikata ɓarna. Wanda ya kwaɓa dusa da maganin ɓera ya ajiye a daidai ramin katangar da kajin ke bi kullum, zai yi masa wuya ya gamsar da alƙali cewa ɓera ya nufa. Ni kam ba ma hukuncin ne ya fi tsorata ni ba. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida ba ya bambance dusa mai guba da marar guba, kuma a gidaje da yawa kaza na fara layi za a yi maza a yanka ta kafin ta mutu, a dafa wa iyali, ba tare da an san abin da ta ci ba.

Batun mallaka kuwa a sarari yake. Sakaci ba ya cire dukiya daga hannun mai ita, kuma kazar da ka san gidansu ba tsintuwa ba ce. Ƙwan da ta saka a bayan rumbunka ma nasa ne. Masu tsoratar da mutane da yanke hannu su ma sun wuce gona da iri, domin haddi yana da sharuɗɗa, ciki har da kai wa nisabi da ɗauko abu daga ma'ajiyarsa, kazar da ke kiwo a lungu kuwa ba a ma'ajiya take ba. Amma faɗuwar haddi ba ta kawar da horo da biyan kuɗin kazar.

Shi ma mai kajin doka ba ta ƙyale shi ba. Sashe na 207 da na 208 na kundin 1960 sun haramta azabtar da dabbar gida da kuma yin sakaci da ita har ta wahala ba gaira ba dalili. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, sananne ne ga kowa. Kajin da ke kwana a kan katanga cikin ruwan Agusta, shirwa tana ɗibar 'yan tsakinsu da rana, muzuru yana bin sauran da dare, akwai hakkinsu a wuyan mai su.

To wa zai biya ɓarnar? Nan ne maganar ta ɗan yi sarƙaƙiya. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Da wannan ne wasu masu kaji ke kafa hujja, tunda kaza da rana take yawo, su ce mai shanya shi ya kamata ya zauna gadi. Malaman mazhabar sun saɓa a kan abin da tsare shi ke da wuya, irin tattabaru da ƙudan zuma da kaji masu tashi. Ibnul Ƙasim ya ɗauke su kamar sauran dabbobi, wato mai amfanin gona ya tsare kayansa, Muɗarrif kuwa ya ce a hana masu su ajiye su inda za su cutar da mutane. A ganina, hukuncin rana ya dace da ƙauyen da makiyaya take daban gona take daban. A gidan haya na Sabon Gari inda iyali shida ke tarayya a tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, cewa mace ta yini a gindin shanyar ƙullunta riƙe da sanda saboda kajin wani ba adalci ba ne, musamman da yake ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana nan a cikin Muwaɗɗar. Alƙali ne dai mai yanke wannan, bayan ya ga shaidu da girman asarar.

Akwai kuma maƙwabcin kirki da tausayi ya sa yake so ya ceci kajin. Watsa musu tsaki da ajiye ruwa a kasko ba laifi ba ne. Amma kada ya kulle su a akurkinsa ba tare da ya sanar da mai su a gaban shaida ba, domin kyakkyawar niyyar da babu wanda ya ji ta ba ta da saurin tabbata idan an zo cigiya. In mai su ya yarda, sun zama amana, kuma mai riƙon amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Kuɗin dusa da rabon 'yan tsaki a yi maganarsu tun ranar farko.

Idan magana ta ƙi ci, mai unguwa shi ne matakin farko, sai dagaci, sai duba-gari na ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari idan kashin kaji ya fara gurɓata bakin rijiya, kotu kuma ta zo a ƙarshe. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a share. Wanda kuma ya ga kajin sun fara mutuwa a jere, musamman da hunturu lokacin da cutar farin kashi ke share akurki, ya killace nasa, kada ya taɓa mushen da hannu, ya kai rahoto ofishin likitan dabbobi ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, domin murar tsuntsaye nau'in H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji aka same ta, a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna.