Rigar siga na tsagewa a busasshen wuri: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Siga nake nufi, tabar nan mai kauri da ake naɗewa ganye cikin ganye babu takarda, ba karan sigari ba. Don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Mece ce rigar?

Ganyen waje. Siga hawa uku ce: ganyen ciki, ganyen ɗauri da ke riƙe shi, sai riga, ganye ɗaya tak da aka naɗe a karkace daga ƙafa (bakin da ake kunnawa) zuwa kai (wanda ake sawa a baki). Ita ta fi siranta, ita kuma iska ke fara taɓawa.

Danshi nawa take so?

Kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Zafi digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. In zafin ya zarce haka ya daɗe, ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa ya huda maka kara.

In sa ta a firji?

A'a. Firji tsotse danshi yake yi, ga warin abinci. Haka gaban na'urar sanyaya ɗaki, haka bakin taga, haka cikin mota.

Ma'aunin danshina yana nuna 70, amma karan a bushe yake. Yaya ke nan?

Ka taɓa gwada ma'aunin kuwa? Yawancin masu wannan tambaya ba su taɓa ba. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar damshin yashi, kada ya narke. Sa shi tare da ma'aunin a mazubin da iska ba ta shiga, ka bar su su kwana. Ya kamata ka ga 75. In ka ga 80, ma'auninka yana ƙara maka biyar, ashe 70 ɗin da kake taƙama da shi 65 ne.

A cikin akwatin ajiyar siga lafiya lau take, amma da na fito da ita na kunna sai ta tsage. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Fara da gane abin da ke faruwa. Ba bushewa kaɗai ke tsaga riga ba, bambanci ne tsakanin ciki da waje. Karan ya fito daga akwati mai danshi 70, ya shigo iskar da danshinta bai wuce 15 ko 20 ba. Kafin ka gama neman ashana rigar ta fara ƙamewa tana tsukewa, alhali ganyen ciki na nan da laimarsa. Ka kunna wuta, laimar cikin ta zama tururi, ciki ya kumbura. Ciki na buɗewa, riga na tsukewa, dole ɗaya ya ba da kai, kuma mai rauni ne zai bayar. Za ka ji ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsa, ka duba ka ga tsaga kamar silin gashi kusa da toka, tana bin jijiyar ganye tana hawa.

Abu na farko da nake ba da shawara shi ne a rage tazarar. Sauko da akwatinka zuwa 65, wasu har 62 suke kai shi. Mutane na jin wannan kamar an juya musu magana: wuri ya bushe, kuma a ce a rage danshi? E, haka ne, domin cikin da bai cika laima ba ba ya kumbura sosai. Amma ka ba shi makonni biyu zuwa uku kafin ka yanke hukunci, tsakiyar kara ba ta saurin canzawa. Kuma kada ka sauka ƙasa da 60, nan kam rigar kanta za ta fara ƙeƙashewa.

Na biyu, kada ka fito da kara sai lokacin shansa ya yi. In tafiya za ka yi da shi, sa shi a bututu mai murfi ko jaka mai zif tare da ƙaramin ƙunshin danshi, wato 'yar jakar da ke riƙe danshi a kan lambar da aka rubuta a jikinta. Aljihun riga ba ma'aji ba ne.

Akwai masu cewa a ajiye karan a akwatin katako marar ruwa na yini guda don ya saba. A inda bushewar ke da sauƙi dabarar na aiki. A inda iska ta bushe ƙamas kuwa tana iya ƙara ɓata lamarin, tunda rigar ce za ta riga ciki bushewa. In za ka gwada, gwada da kara ɗaya, a rufe, awa biyu ko uku, ka ga yadda ya yi a naka yanayin.

Sannan ya danganta da irin rigar. Ganyen Kamaru sirit yake, ga daɗi ga saurin karyewa. Haka mai launin zinariyar nan da ake kira Connecticut Shade, wanda ake nomawa ƙarƙashin rumfar yadi a kwarin kogin Connecticut na Amurka, yanzu kuma ana noma irinsa da yawa a Ekwado. Ganyen San Andrés na Meziko da wanda ake kira Broadleaf sun fi kauri da maiƙo, sun fi jure wahala. Ni a watannin da iska ta fi bushewa masu siririyar riga ba na taɓa su, suna nan a rufe har yanayi ya sassauta. Kara mai ƙiba ma ya fi siriri haɗari, don cikinsa ya fi yawa.

Sai yadda kake sha. Gasa ƙafar a hankali, harshen wuta bai taɓa ganye ba, ka riƙa zuƙa kamar sau ɗaya a minti. Mai zuƙa ba ƙaƙƙautawa shi ke dafa cikin da kansa. Ka kuma kauce wa iska mai kaɗawa da sanyi mai tsanani.

Duk da haka, wani karan zai tsage ko ka kiyaye komai. Wataƙila an cusa masa ganye fiye da kima wajen naɗi, wataƙila ya sha wuya a hanya kafin ya iso hannunka. In ɗaya ne cikin ashirin, kwantar da hankalinka, ba laifinka ba ne. In kuwa rabin akwati ne, koma kan ma'auninka.

In cire ledar da take zuwa a ciki?

Bar ta. Ba roba ba ce, daga itace ake yin ta, danshi na ratsa ta a hankali. Wannan jinkirin shi muke nema.

Akwatin katako ko mazubin roba?

Na san akwatin al'ul ya fi kyan gani da ƙamshi, amma katako na numfashi, a busasshen wuri kullum cikin asarar danshi yake. Sabo kuwa ƙishirwa gare shi, in ba ka shayar da shi ba daga jikin sigarka zai sha. Ana sa masa ƙunshin danshi na kamfanin Boveda mai lamba 84 na mako biyu, babu siga a ciki. Mazubin roba ko gilashi mai murfi da zoben roba ya fi riƙe danshi nesa ba kusa ba. Sa ƙunshi mai lamba 65, jefa ɗan fallen al'ul, buɗe shi sau ɗaya a mako ya sha iska.

In fesa mata ruwa, ko in lashe ta kafin in kunna?

Haba! Wa ke koya wa mutane wannan? Ruwa a kan riga tabo da fumfuna yake jawowa. Ko soson da ke ba akwati danshi ba a jiƙa shi da ruwan famfo, sai ruwan da aka tace ta hanyar tururi.

Ta riga ta bushe. Za ta dawo?

Laushinta zai dawo in ka yi haƙuri. Fara da 62, bayan mako biyu ka hau 65, kana jujjuya karan. Ka jefa busasshen kara cikin danshi 72 kai tsaye, ƙafarsa za ta kumbura ta dare kafin kwana uku. Maiƙon da ya riga ya tashi dai ba ya dawowa, don haka ɗanɗanon ba zai koma kamar da ba.

In na kula da ita da kyau, cutarwarta na raguwa?

Ko kusa. Hayaƙin siga na jawo kansar baki da maƙogwaro ko ba ka haɗiye shi ba. Danshi riga yake karewa, ba kai ba.

Wadda ta tsage fa, in yar?

In tsagar ƙarama ce, jiƙa ɗan ƙaro mai tsabta ya yi kauri, ka shafa da kan yatsa, ka danne ganyen, ka bari ya bushe. Irin ɗankon tsiro ne masu naɗi ke liƙa kai da shi. Gam na kanti kada ya kusanci abin da za ka ƙona a bakinka. In kullum daga kai take tsagewa, duba abin yankanka, ya dakushe ne ko kana zarce hular, wato ɗan ganyen da aka rufe kan da shi. Zoben takardar da ke jikin karan kuma ka bari kara ya ɗumama kafin ka cire shi, in ba haka ba zai taho da guntun riga.