Dokar 'Yan Benci a Wasan Zari-ruga da Muhawarar da Ta Biyo Bayanta

A wasan zari-ruga na ƙasa da ƙasa, kowace ƙungiya tana shiga fili da 'yan wasa 15, tana kuma ajiye wasu 8 a benci, kuma doka ta 3 ta hukumar World Rugby ta ba mai horarwa damar shigar da dukkansu. Kafin shekarar 1996 ba a canza ɗan wasa sai idan ya ji rauni, daga nan ne aka halatta canji don dabara, sannan a 2012 aka ƙara yawan 'yan benci daga 7 zuwa 8.

Sharaɗi guda ne dokar ta tsaurara a kansa: dole ne uku daga cikin takwas ɗin su kasance ƙwararru a sahun farko na sikram, wato tureniyar da ƙarti takwas-takwas suke haɗa kafaɗu su yi, domin wanda bai samu horo ba yana iya karya wuya a wurin. Idan ƙwararrun suka ƙare, alƙalin wasa yakan ba da umarnin a ci gaba da sikram ba tare da turi ba. Wanda aka cire don dabara kuwa ba ya komawa fili, sai idan zai maye gurbin ɗan sahun farko da ya ji rauni, ko mai zubar da jini, ko wanda ake duba lafiyar kansa, ko wanda aka raunata ta hanyar ƙeta. Game da sauran gurabe biyar, dokar ba ta ce komai ba.

A wannan giɓi Afirka ta Kudu ta shiga. An saba ajiye ƙartin gaba biyar, wato masu shiga sikram, har da ƙwararrun nan uku, da masu gudu uku, wato 'yan baya, amma a gasar cin kofin duniya ta 2019 a Japan, mai horar da ita a lokacin, Rassie Erasmus, ya riƙa ajiye shida da biyu. A watan Agustan 2023 suka kai abin bakwai da ɗaya, suka lallasa New Zealand da ci 35 da 7 a filin wasa na Twickenham da ke Landan, kuma da wannan tsarin suka sake doke ta 12 da 11 a wasan ƙarshe na kofin duniya na shekarar.

Masu suka suna ganin hatsari a cikin sako ƙarti masu sabon ƙarfi su yi karo da waɗanda suka shafe minti hamsin suna fama. Tun a 2021 wasu tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Ian McGeechan da Willie John McBride, suka rubuta wa hukumar wasiƙa suna neman a taƙaita canji ga masu rauni kawai. Masu goyon baya kuwa suna cewa gajiya ma tana jawo rauni, kuma mai ajiye bakwai caca yake yi. An ga hakan a Dublin a 2025, lokacin da Faransa ta ajiye bakwai da ɗaya, sai mai gudunta Antoine Dupont ya ji ciwo a gwiwa, mai gudu ɗaya tilo da ke benci ya shiga madadinsa, daga baya kuma dole ta sa ɗan gaba Oscar Jégou ya buga a tsakiyar masu gudu, duk da haka Faransa ta ci Ireland 42 da 27.

A ganina, hana tsarin bakwai da ɗaya zai yi wuyar aiwatarwa, tunda mai horarwa yana iya rubuta ƙato a matsayin mai gudu, alƙali kuma ba shi da ma'aunin ƙaryata shi. Idan hukumar tana son rage karon, adadin canjin ne abin da take iya taɓawa, kuma har yanzu ta bar shi a takwas.