Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarfi da Motsi Don Ɗaliban Firamare

Mene ne ake kira ƙarfi a darasin kimiyya?

Ƙarfi turi ne ko ja. Yarinyar da ke jan guga daga rijiya ƙarfi take sa wa igiya, haka ma jakin da ke jan amalanke zuwa babbar kasuwar Maradi. Ƙarfi yana iya tayar da abin da ke tsaye, ya tsayar da wanda ke tafiya, ya ƙara masa gudu ko ya rage, ya karkatar da shi, ko kuma ya sauya masa siffa, kamar yadda maginiyar tukunya ke yi wa yumɓu. Ma'auninsa shi ne niyuton, wanda aka sa wa sunan masanin nan na ƙasar Ingila, Isaac Newton, da ya wallafa dokokin motsi guda uku a shekarar 1687. Niyuton ɗaya bai da yawa, domin kusan shi ne ƙarfin da tafin hannu ke sa wa don riƙe abu mai giram 100.

Idan yaro ya buga ƙwallo, me ya sa take tsayawa? Ƙarfin da ya sa mata ne ya ƙare?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta malami ya daɗe a kanta, domin amsar da ta fi saurin zuwa zuciya ba ita ce daidai ba, kuma ba yara kaɗai take ruɗawa ba. Fiye da shekara 1,500 masana suna bin ra'ayin Aristotle na ƙasar Girka, cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da wani abin da ke tura shi, har sai da Galileo na Italiya ya soma warware maganar, Newton kuma ya kammala ta.

Ƙafar yaro tana sa wa ƙwallo ƙarfi ne kawai a ɗan lokacin da suka haɗu. Da zarar sun rabu, babu sauran turi, kuma ƙwallon ba ta buƙatarsa don ta ci gaba da tafiya. Abin da ke tsayar da ita wani ƙarfi ne daban, wato gogayya tsakaninta da ƙasa, da kuma iskar da take ratsawa. Duk yaron da ya taɓa buga ƙwallo a rairayin Gulbin Maradi da rani ya san ba ta nisa, alhali a kan daɓen siminti bugun nan ɗaya zai kai ta har ƙarshen fili. Ƙafar ba ta sauya ba, ƙasar ce ta bambanta. Da za a kawar da gogayya baki ɗaya, da ƙwallon ta yi ta tafiya a miƙe da sauri iri ɗaya. Wannan ita ce dokar Newton ta farko.

Kada dai a ɗauki gogayya abin ƙi. Ita ce ke hana takalmi zamewa, da ita birki ke kama ƙafar keke, kuma in babu ita alli ba zai bar rubutu a kan allo ba.

Me ya sa fasinja ke tunkuɗa gaba idan ɗan kabu-kabu ya taka birki ba zato?

Dokar farkon ce dai. Birki ya tsayar da babur, amma bai taɓa jikin fasinja ba, don haka jikin yana ci gaba da tafiya har sai ya sami abin da zai tare shi, galibi bayan mai tuƙin. Dalilin ɗaura bel a mota ke nan.

Me ya sa amalanke cike da buhunan gero ta fi wadda babu kaya wuyar tayarwa?

Dokar Newton ta biyu ta ce saurin da gudun abu ke sauyawa ya dogara ga abu biyu: yawan ƙarfin da aka sa masa, da yawan kilo da ke jikinsa. Idan aka ninka ƙarfin, sauyin gudun zai ninku, idan kuwa kayan aka ninka, zai ragu da rabi. Wahalar tayarwa da wahalar tsayarwa tushensu ɗaya, shi ya sa babbar motar kaya da ta taso daga Ɗan Isa da lodi take buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya, kuma yaron da ya gane haka ba zai tsallaka titi a gabanta yana dogara ga birkinta ba.

Abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa?

A'a, muddin iska ba ta shiga tsakani ba. Duniya tana jan kowane abu zuwa gare ta, kuma gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa, dutse ne ko tsakuwa. Gashin kaza yana jinkiri ne saboda iska na tare shi. A shekarar 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata, inda babu iska, kuma tare suka sauka. A aji ma ana iya gwadawa da takarda biyu iri ɗaya, a dunƙule ɗaya a bar ɗayar a buɗe: nauyinsu ɗaya ne, amma dunƙulalliyar za ta riga isa ƙasa.

Shin bango yana tura wanda ya tura shi?

Ƙwarai kuwa, kuma da ƙarfi daidai wanda aka sa masa, sai dai ta ɓangaren da ya saɓa wa nasa. Wannan ita ce doka ta uku. Mai tafiya ƙasa yake turawa baya da ƙafarsa, ita kuma ta tura shi gaba, abin da ya sa tafiya cikin rairayi ke gajiyarwa, tunda rairayin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Idan aka hura balan-balan aka sake shi ba a ɗaure baki ba, iskar za ta fita ta baya, shi kuma ya yi gaba, kuma a kan wannan doka roka ke tashi zuwa sararin samaniya.