Waiwaye: Yadda tashar jirgin Ƙaura Namoda ta mutu

Layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, a Ƙaura Namoda ya tuƙe cikin 1929, bayan tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. An sha maganar a miƙa shi Sakkwato, har yau ba a yi ba. Turawa ba don zumunci suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa suke so da auduga da fatu, su gangara da su tashar jiragen ruwa ta Ikko, kuma a yankin Ƙaura suka ga kayan sun ishe su.

Da kaka, jakuna da raƙuma ke kawo buhuna daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, 'yan dako su loda wa taragu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna kusa da tasha, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau. Ma'aikatan reluwe daga Kudu suka zo da iyalansu, Sabon Garin Gusau ya cika da Yarbawa da Ibo. Bunƙasar da Gusau ta yi, har ta zama babban birnin Zamfara a 1996, rabinta albarkacin dogo ce.

Gyaɗa ce ta fara faɗuwa. Farin 1973 ya ƙone gonaki, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Aka yi kwalta, manyan motoci suka kwashe ɗan lodin da ya saura. Hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta koma ko albashi da fansho sai an kai ruwa rana. An ba da kwangilar gyara layin a zamanin Jonathan, amma zirga-zirga ba ta dawo yadda take ba.

Wasu na cewa tun da Zamfara ta zama ƙasar zinare, ai jirgi zai dawo. A ganina wannan lissafin bai fita ba. Zinaren Anka da Bukkuyum da Maru ba ya bukatar tarago. Abin da dillali zai sayar da miliyoyi yana shiga aljihun 'yar shara, babur ya fitar da shi daga daji. Haƙar ba ta gina sito ko ɗaya a bakin tasha ba. Abin da ta bari shi ne gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010, sai rikicin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar a 2019, kafin ta ɗage hanin a ƙarshen 2024.

Sabon layin da aka aza harsashinsa a 2021 kuwa, daga Kano ya nufi Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, bai taka Zamfara ba.