Titin da ya ci gefen filinka: asara ce?

An daɗe ana cewa da zarar masu tsara gari sun ja layin titi ta cikin filin mutum, shi ke nan, ya yi asara kuma ba shi da ta cewa. Tsoron yana da dalili, don fili ba abin wasa ba ne.

Amma a ƙasashe da dama taswirar farko shawara ce: ana baje ta, a ba masu filaye wa'adin ƙorafi, har akan karkatar da layi don kauce wa gida ko rijiya. Akwai ma tsarin da ake haɗe filayen unguwa, kowa ya ba da kaso don titi da magudanar ruwa, sannan a sake yanka wa kowa nasa. Da irinsa aka sake gina Tokiyo bayan girgizar ƙasa ta 1923. Filin yakan ragu, amma mota ta samu hanyar zuwa ƙofarsa, kuma sau da yawa darajarsa takan ƙaru.

Mai son tabbatarwa ya je ofishin tsara gari ya nemi ganin taswirar, ya tambayi wa'adin ƙorafi da batun diyya, ya kwatanta kuɗin filin bakin titi da na lungu.

Don Allah a tura wa masu filaye wannan bayani.