Oba-oba a zafin Mina da gishirin Jidda: yadda ake gwada juriyarta

Duk shekara idan aka sauko daga Arfa, teburin gyarana yakan cika da oba-oba da suka daina magana. 'Yan uwanmu masu hidimar alhazai ne ke kawo su, sai direbobi da masu gadi a wuraren gini a Jidda. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan.

Malam, mene ne wannan IP67 da ke jikin kwali?

Lambobi biyu ne, kowace da aikinta, bisa ma'aunin duniya mai suna IEC 60529. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Idan ka ga 5, ƙura na iya shiga kaɗan amma ba za ta hana aiki ba. Idan 6 ce, ko ƙwaya ba ta shiga. Yadda ake tabbatarwa shi ne a rufe na'urar cikin akwati, a riƙa tayar mata da hoda mai laushi irin wadda ake shafa wa jarirai, har tsawon awa 8, ana zuƙe iskar cikinta don a ga ko hodar za ta sami kafa. Sannan a buɗe a duba.

Ta biyun ta ruwa ce. Lamba 7 na nufin an nutsar da ita zurfin mita 1 na minti 30 ta fito lafiya. Amma fa ruwan daɗi ne, kuma a kwance yake. Feshin tiyo mai ƙarfi gwajinsa daban, shi ne 5 da 6, kuma cin gwajin 7 bai nuna an ci waɗannan ba.

Mai shago ya ce min tawa "ta soja" ce, ga MIL-STD-810 a rubuce. Ba shi ke nan ba?

A nan aka fi cutar mutane, kuma abin yana ci min rai. Wannan kundi ne na hanyoyin gwaji da sojojin Amurka suka fara fitarwa a 1962, bugun da ake kira 810H ya fito a 2019. Babu wata hukuma da ke ba kayan kasuwa takardar shaida a kansa. Kamfani ne ke zaɓar gwajin da zai yi, da tsananin da zai yi shi. Yana iya yin guda ɗaya ya buga sunan kundin gaba ɗaya a kwali.

Saboda haka ka nemi takardar bayanin na'urar, Alhaji. Kamfanin da ya yi aikinsa zai jera lambobin: 501 ta zafi, 505 ta hasken rana, 507 ta laima, 509 ta hazon gishiri, 510 ta ƙura da yashi, 516 ta faɗuwa da buguwa. Idan ba ka ga jerin ba, ka ɗauka ado ne kawai.

Wane zafi ake gwada su da shi? Zai kai na Makka?

A kundin nan na soja, a rukunin wurare masu zafi da bushewa, ana kai iskar ɗakin gwaji digiri 49, ana hawa ana sauka kamar yadda yini ke tafiya. Akwai kuma gwajin ajiya da ke kai digiri 71, wanda ke kwaikwayon kayan da aka kulle cikin mota ko kwantena a rana. Ka tuna a Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ka ga ranar, zafin ya zarce na ɗakin gwajin, ga kuma baƙar roba da rana ke duka kai tsaye a kafaɗar mai ita.

Batiri ne ke fara gazawa. Na litiyom bai kamata a yi masa caji ba idan ya wuce digiri 45. Na sha ganin wanda ya shigo tanti da oba-oba tana ƙuna kamar an sauke ta daga murhu, ya ɗora ta kan caja nan take. Bayan 'yan makonni batirin ya kumbura har murfi ya ƙi rufuwa. A bari ta huce a inuwa tukuna.

Ni a bakin teku nake aiki, ban taɓa jiƙa ta ba, amma ta lalace.

Iskar Bahar Maliya ta ishe ta. A gwajin gishiri ana fesa hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35, awa 24 ana fesawa, awa 24 tana bushewa, a sake maimaitawa. Bushewar nan ita ce ke cin ƙarfe. Cire batirinka ka duba ƙarafunan da ke haɗa shi da jiki. Idan sun yi kore-kore, shi ne. Goge su da busasshen ƙyalle kowane dare yana ƙara musu kwana.

Faɗuwa fa?

Ana sakin ta daga tsayin santimita 122, sau 26: fuskoki 6, gefuna 12, kusurwoyi 8.

To me ya sa tawa mai IP67 ta toshe da yashi?

Sabuwa aka gwada, ɗan'uwa, komai nata a rufe. Taka ta shekara biyu a rana, zoben robar da ke toshe kafofinta ya bushe ya tsattsage. Galibi ma murfin ramin da ake soka abin kunne ya daɗe da ɓacewa, kuma da zarar ya tafi lambar nan ta tashi aiki.

Kwanan baya wani dattijo mai kiwon raƙuma ya kawo min tasa, ya ce muryarta ta dushe kamar mai mura. Da na cire fuskar, sai ga lasifikar ta yi gemu da baƙin gari. Maganaɗisun cikinta ne ya jawo ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi, ya taru ya danne fatar da ke kaɗawa. Na bi ta da burushi mai taushi, na ɗauke sauran da salatif, na sa sabon murfi. Na ce, "Baba, gwada kiran yaron naka." Ya danna, daga can cikin mota yaron ya amsa, murya tangaran.