Dokar Ruwa ta Turai da Wahalar Auna Koren Teku Daga Sama

A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta kafa doka mai lamba 2000/60/EC, wadda ta tattara kula da koguna, tafkuna, ruwan ƙarƙashin ƙasa da ruwan gaɓar teku wuri guda. A ɓangaren teku, ikonta ya kai mil ɗaya na teku daga layin gaɓa. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta raba ruwanta kashi-kashi, ta auna lafiyar kowane kashi, sannan, in ba ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ne, ta sanya shi a ɗaya daga cikin matakai 5: mafi kyau, mai kyau, matsakaici, mai rauni, ko lalatacce. An so duk ruwa ya kai matakin "mai kyau" a 2015, amma an bar ƙofar ƙarin wa'adi zuwa 2021, sannan 2027.

Dokar ba ta da sassauci wajen lissafi. Ana duba abubuwa da dama a ruwa ɗaya, kuma wanda ya fi muni a cikinsu shi ke yanke matakin ruwan gaba ɗaya. A 2015, a shari'ar yasar kogin Weser na Jamus, Kotun Turai ta ƙara ɗaure zancen: idan ma'auni guda ya sauka da mataki ɗaya, ruwan ya taɓarɓare ke nan a idon doka, kuma dole hukuma ta hana aikin da zai jawo haka, sai in ya shiga cikin togaciyar da dokar ta yi.

Ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne yawan ƙananan tsirran da ke shawagi a ruwa, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Ana gane yawansu ta kulorofil, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Idan takin zamani daga gonaki da ruwan najasar birane suka kwarara cikin teku, tsirran nan kan yi yawa fiye da kima. In sun mutu suka nutse, ruɓewarsu ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Wata dokar teku da Tarayyar Turai ta kafa a 2008, wadda ta miƙa har can cikin teku, ita ma ta sa wannan matsala cikin abubuwa 11 da take dubawa.

Tun asali jirgin ruwa ke fita ya ɗebo ruwa a kwalba, a tace, a auna a ɗakin gwaji. Hanya ce mai inganci, sai dai wuri ɗaya take nunawa a rana ɗaya. Shi ya sa hukumomi suka koma haɗawa da hotunan tauraron ɗan'adam irin su Sentinel-3, wanda aka fara harbawa a 2016. Kulorofil na shanye shuɗin haske ya bar kore, don haka ana kwatanta shuɗi da koren da ke fitowa daga ruwa a ƙiyasta yawansa.

To a nan gizo ke saƙa. Kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da tauraron ke karɓa daga iska yake fitowa, ruwa kuwa ɗan ragowar ne nasa. Sai an cire rabon iska kafin a ga na ruwa, kuma ɗan kuskure a cirewar kan zama babba a sakamako. Iskar naitirojin dayoksaid da ke fita daga motoci, masana'antu da injinan jiragen ruwa tana shanye shuɗin haske, daidai inda kulorofil ke shanyewa. Baƙin hayaƙi da ƙurar Sahara da ke ratsa Bahar Rum su ma haka. Idan ba a yi lissafinsu daidai ba, na'ura za ta ga shuɗi ya ragu, ta ɗora laifin kan ruwa, ta rubuta kulorofil fiye da wanda ke ciki. Abin ya fi tsanani a bakin manyan birane da tashoshin jiragen ruwa, inda hayaƙin kan sauya daga safiya zuwa yamma, inda kuma laka da ke gurɓata ruwan ke rikita tsarin lissafin da aka gina don tsakiyar teku mai garau.

A ganina, hukumar da ta dogara da hoto kaɗai wajen sanya ruwa a mataki ta ɗauki kasada babba, domin tsakanin "mai kyau" da "matsakaici" akwai wajibcin ɗaukar matakan gyara, kuma manoma da masu tace ruwan najasa ne ke ɗaukar nauyin. Akwai kayan gyara: na'urar TROPOMI da aka harba a kan tauraron ɗan'adam a 2017 tana auna naitirojin dayoksaid kullum, sannan akwai tashoshi a kan teku, kamar hasumiyar Acqua Alta kusa da birnin Benis na Italiya, masu auna hasken ruwa daga kusa don a gwada da na tauraro.

Sai dai ba duk koren da ke ƙarƙashin hayaƙi ne na ƙarya ba. Naitirojin da ke cikin hayaƙin yakan sauko da ruwan sama ya zama taki ga tsirran. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tsaurara ƙa'idar hayaƙin jiragen da aka ƙera daga 1 ga Janairun 2021 masu aiki a tekun Baltik da Tekun Arewa.